Kare da Tsuntsayen Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kiwon Tattabaru, Kaji da Zomaye

Shekara 11 ke nan ina kiwon tattabaru a gidanmu da ke wajen Yalwa, nan Bauchi, kuma duk tsawon lokacin gidan bai taɓa rabuwa da kare ba, don muna bakin gari ne, dare sai da mai gadi. Shi ya sa maƙwabta da abokan kiwo, har da waɗanda muke haɗuwa wurin masu kaji a kasuwar Muda Lawal, sukan tare ni da tambaya ɗaya mai fuska da yawa: yaya za a yi kare da abin kiwo su zauna gida ɗaya ba a yi asara ba? Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Karena a ƙoshe yake, amma ya kashe mini kaza ya bar ta nan ko ci bai yi ba. Me ya kawo haka?

Ba cikinsa ne ya aike shi ba. Kare jikan kyarkeci ne. An fi shekara 15,000 da ɗan Adam ya jawo shi jiki, amma sana'ar da kakanninsa ke ci da ita a dawa tana nan cikin jininsa, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Masana halayyar dabbobi, irin su Raymond Coppinger na Amurka, sun bayyana cewa farauta matakai ce da ke bin juna kamar ƙwayoyin carbi. Kare zai ji motsi ko wari ya juya, ya kafa ido, ya yi sanɗa, ya bi da gudu, ya cafke, ya girgiza don ya karya wuya, ya farke, sannan ya ci. Kowane mataki da irin daɗin da yake saukar masa a ka, ba sai an kai ga ci ba. A wurin karnukan gida da yawa, carbin ya tsinke daga ƙarshe: bi da cafka suna nan da ƙarfinsu, ci kuwa ya koma kasko. Shi ya sa za ka tarar da kaji uku a kwance, babu wadda aka taɓa namanta.

Abin da ke kunna shi motsi ne. Idon kare bai kai namu rarrabe launi ba, shuɗi da rawaya ya fi gani, amma wurin hango abin da ya motsa ya yi mana nisa. Kunnensa kuma yana kama siraran sautuka da namu ba ya kamawa, irin tsiwar ɗan tsako da kukan ɓera. Kaza mai tsattsaga a natse ba ta cika damunsa ba. Wadda ta firgita ta zura da gudu tana faffaka, ita ce ke kiransa.

Ta yaya zan gane yana shirin kamu, tunda ko haushi ba ya yi?

Shirun nan shi ne alamar. Karen da ke faɗa so yake abin ya yi nesa da shi, don haka yake haushi da gurnani, gashin ƙeyarsa ya miƙe, haƙora a waje. Wanda ke farauta so yake abin ya matso, to me zai sa ya yi ƙara?

Bari in ba ku labarin Duna, baƙin kare ɗan ƙasa da na yi shekara biyu da shi tattabaru na cin dawa a gaban hancinsa. Har akwai wata fara da ta saba shan ruwa a kaskonsa yana kallonta. Na riga na sakankance. Wata safiya cikin hunturu ina watsa musu tsaba, shi yana kwance jikin bango yana shan hantsi, sai wani ɗan shila mai kimanin sati huɗu ya faɗo daga tukunya. Bai iya tashi ba, ya dinga bugun ƙasa da fiffike ɗaya, ƙura na tashi. Na ga Duna ya rufe baki. Kunnuwansa suka miƙe gaba, kansa ya sauko daidai da kafaɗa, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya ya tsaya cak, wutsiya a sandare. Kwanon dawa na hannuna. Kafin in ajiye shi ƙasa an gama. Ya girgiza ɗan shilan sau biyu, ya zo ya ajiye shi kusa da ƙafata yana kaɗa wutsiya.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don uwar ɗan shilan ita ce tattabarar da na fi so. Amma da na natsu sai na ga kare bai ci amanata ba. Shekara biyun nan duk tattabaru masu lafiya yake gani, masu tafiyarsu a hankali. Ranar ce ya fara ganin mai faffaka a ƙasa.

Don haka ku riƙe waɗannan: baki ya rufe bayan yana haki, ido ya kafe ba ƙiftawa, jiki ya sandare, wani lokaci har da rawar cinya da 'yar siririyar ƙara ta hanci. In ka kira sunansa bai waiwayo ba, kada ka ƙara kira na biyu. Tashi ka shiga tsakaninsu.

Akwai irin karen da ya fi wani? Wai na Turawa ba sa kama kaji?

Ana faɗin haka, amma ba gaskiya ba ne. Kowane iri da aikin da aka tsara shi dominsa, kuma yawancin ayyukan daga farauta aka gutsuro su. German Shepherd, wanda muke kira karen 'yan sanda, asalinsa karen kora tumaki ne a Jamus, an ƙarfafa masa bi, shi ya sa yake zagaya kaji yana tara su lungu har su galabaita. Ƙananan karnukan nan na Ingila da ake kira terrier don kashe ɓeraye aka samar da su, cafka da girgiza su ne gadonsu, ƙanƙantarsu kada ta ruɗe ka. Husky ya yi suna wurin bin kyanwa da kaza. Caucasian da Boerboel na gadi ne, bi bai dame su kamar sauran ba, sai dai karen da ya kai kilo 60 ko da wasa ya ɗora wa zomo ƙafa, zomon ya tafi.

Namu na gida kuwa, mai doguwar ƙafa da shafaffen ciki, ai mafarauta ne suka daɗe suna tace shi. Duk wanda ya ga 'yan farauta da rani, bayan an kawar da amfanin gona, sun cika a-kori-kura da karnuka sun nufi daji ta hanyar Ningi ko ta Dass, ya san abin da ake nema a jikin kare: ya tashi zomo, ya tono gafiya, ya cim ma fakara kafin ta yi sama. Karyar da ta iya kamu ita ake rububin 'ya'yanta. In ka karɓo kwikwiyo daga gidan mafarauci, ka san abin da ka ɗauko. Haka Buzaye suka yi da nasu dogon karen, Azawak, a Mali da Nijar, har yana bin barewa.

Duk da haka, a cikin haihuwa ɗaya ma ana samun bambanci. Kafin ka karɓi kwikwiyo, nemi ganin uwarsa a inda kaji ke yawo.

Malam, ni tun yana kwikwiyo tare suka tashi da kajina. Ai wannan babu matsala ko?

Hajiya, kin yi dabara, kuma tana taimakawa sosai. Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 na rayuwar kwikwiyo, a nan ne yake tantance su wa ne nasa. Abin da ya saba da shi a lokacin ya fi wuya ya ɗauke shi nama daga baya. Da wannan hikimar ake rainon karnukan gadin garke: a Namibiya, tun 1994 ake ba makiyaya kwikwiyon manyan karnuka 'yan asalin Turkiyya, a ajiye su cikin awaki tun suna ƙanana, su girma suna kare garken daga namun daji.

Sai dai ki lura da abu biyu. Sabon da ya yi da kajinki ne, bai shafi zabin maƙwabta ko agwagwar da kika sayo jiya ba. Na biyu, tsakanin wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi ƙuruciya kan motsa masa, wasan bi ya fara, kuma a nan ne yawancin karnuka ke yin kisan farko. Su ma kajin da suka saba da shi sun daina gudunsa, sun zubar da kariyar da Allah ya ba su. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, to a wurin kare ma haka abin yake. Ki ƙara sa ido musamman da damina, lokacin da kika sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe bayan kwana 26 zuwa 28. 'Yan tsakin zabi ba sa tsayawa wuri ɗaya, gudunsu kamar na ɓera, babu abin da ke tayar da kare kamarsu.

Gaskiya ne in kare ya ɗanɗani jini shi ke nan ya lalace?

Jinin ba shi da laifi. Kare nawa ne ke cin ɗanyen nama daga mahauta kullum, ba su taɓa bin kaza ba? Abin da ke kama shi daɗin bin ne da nasarar kamun. Ya yi sau ɗaya ya ji daɗi, na biyu ya fi sauƙi, na biyar ya zama sana'a, har ya san lokacin da ake buɗe akurki. Saboda haka kowane bi da ka hana riba ce, ko da ƙadangare ne a bango.

Amma kada a jefa wa kare mushen kaza. In annobar kaji ce ta kashe ta, zai ja gawar ya zaga gida da ita ya watsa wa sauran, ga murar tsuntsaye da ta shigo Najeriya tun 2006 ba ta daina dawowa ba. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone.

In na yi masa dukan kirki ba zai daina ba? Wasu sun ce a tura masa dafaffen ƙwai mai zafi a baki.

Don Allah kada a yi ko ɗaya. Kare yana haɗa sakamako da abin da ya aikata ne a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka dawo daga kasuwa ka tarar da gawa, ka ɗauko sanda, abin da zai fahimta kawai shi ne dawowarka gida haɗari ce. Sunkuyar da kai da yake yi tsoronka ne, ba nadama ba. In ma ka kama shi a kan aikin, abin da zai koya shi ne kada ya yi a gabanka, sai ya jira ka tafi masallaci. Kare mai tsoron hannun mutum kuwa shi ne wata rana ke cizon yaron da ya miƙa masa hannu.

Ƙwai mai zafi ƙona masa harshe da dasashi kawai yake yi. Azabtar da dabba ce, kuma za a tambaye mu a kanta. In ƙwai yake sata, a riƙa kwashewa da wuri, a ɗaga wurin saƙar sama.

To wane horo ne ke aiki?

Wanda ake yi da igiya, da nisa, da haƙuri. Ka fara inda babu kaza ko ɗaya. Ka riƙe ɗan yankan dafaffiyar hanta ko busasshen kifi a dunƙulen hannu, ya yi ta shinshina yana lasa, kada ka buɗe. Da zarar ya janye hanci, ka ce "bari", ka ba shi wani yankan daga ɗaya hannun. Kwana kaɗan zai gane cewa barin abu shi ke kawo samu. Kilishi da tsire ba na horo ba ne, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare.

Daga nan ka sa masa igiya, kaji suna cikin akurki, ku tsaya nesa, inda zai gan su amma har yanzu yana jin sunansa. Wani kare taku goma ya ishe shi, wani sai ƙarshen tsakar gida. Duk sanda ya kalli kaji ya juyo ya kalle ka, ba shi lada nan take. Wannan juyowar ita kake saya. In ya sandare ya ƙi karɓar nama, kun matsa da yawa, ku ja baya ba tare da tsawa ba. Minti biyar da safe, biyar da yamma, ya fi awa ɗaya ranar Asabar. Ana matsawa taku ɗaya ne bayan kwanaki, ba a rana ɗaya ba. Sai ya natsu da kaji a rufe sannan a saki guda ɗaya, babba mai sanyin hali, shi yana ɗaure a hannunka.

Sannan a ba gadon nasa mafita. Ka ɗaura tsumma a igiya, igiyar a bakin gora, ka riƙa ja a ƙasa yana bi yana cafka, ka ce "bari" ya saki, ku sake. Ka watsa masa abinci cikin ciyawa ya nema da hanci. Ka fita da shi bayan asuba ko gab da magariba. Karen da ke ɗaure da sarƙa wuni guda kaji na wucewa ta gabansa, ranar da sarƙar ta tsinke ba a tambaya.

In za a sa masa takunkumi, a nemi mai kama da kwando wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki. Kare da haki yake fitar da zafi, zafin Bauchi kuma a Maris da Afrilu yakan kai digiri 40. Ɗaure masa baki da tsumma a irin wannan rana kisa ne.

Horo yana rage haɗari ƙwarai, har ka iya zama a tsakar gida da kare a gefenka kaji na kiwo. Bai kai a fita unguwa a bar su su kaɗai ba.

Wane irin keji ko akurki ne zai tsare su?

A nan ya kamata kuɗin ya tafi. Siririyar ragar nan mai ido shida da ake sayarwa da araha, kaji take hanawa fita, ba ta hana kare shiga. Da haƙori yake yaga ta. A sayi mai kauri wadda aka yi wa walda, mai ƙananan idanu kamar rabin inci, yadda hanci ko farce ba zai shiga ba. Kare maginin rami ne, don haka a binne gindin ragar kamar ƙafa ɗaya a ƙasa, ko a zuba siminti, ko a jera bulo kewaye. Ƙofa ta zama mai sakata, ba lanƙwasasshen ƙusa ko dutse da aka jingina ba.

Kejin zomo a ɗaga shi kamar mita ɗaya, a kafe ƙafafunsa yadda ba za a ture shi ba, a kuma shimfiɗa katako a wani sashe na ƙasansa. Na taɓa ganin zomo da aka cinye wa yatsu ta ƙarƙashin raga, keji a rufe. Ɗakin tattabaru kuma a kewaye ƙasan da 'yan shila ke faɗowa, tunda a sati na huɗu zuwa na biyar suke koyon tashi, lokacin da suka fi zama a ƙasa.

Ka'idar da nake bi tun bayan Duna ita ce ƙofa biyu. Kullum tsakanin kare da tsuntsu akwai shamaki biyu, don a gidan da ke da yara dole wata rana a manta da ɗaya a buɗe. Sannan aka raba lokaci: tattabaru da kaji su ci tsakar gida da rana kare na ɗakinsa a inuwa, da magariba a kulle su a sake shi. Ragar da ta tsare kare za ta tsare muzuru da tunku ma.

Aku nake da shi a falo, a keji yake. Kallo kawai karen ke yi, akwai illa?

Akwai. Tsuntsu ya san idon mai cin nama. Aku ko kanari da ake zuba wa ido wuni guda yakan daina ci, ya daina kuka, aku har ya fara fige gashin kansa. In ya firgita da dare yakan yi ta dukan keji har ya karya fiffike. A rataye kejin sama da kan mutum, jikin bango, a rufe gefe ɗaya da zane don ya sami maɓoya, kare kuma ya daina shiga ɗakin. In za a fito da aku ya sha iska, a fara kulle kare, a kuma sanar da kowa a gidan.

Zomo ya fi haka rauni. Tsoro kaɗai kan kashe shi, ko ya yi harbi da ƙafa cikin firgici ya karya bayansa. Wanda ya kwana kare na zagaya kejinsa, in ya wuni bai ci ba bai yi kashi ba, a kai shi wurin likita. Ɓeran Masar ma haka.

Ya kama tattabara na ƙwace ta da rai, ban ga jini ba. Me zan yi?

Kada rashin jini ya kwantar maka da hankali. Fatar tsuntsu siririya ce, gashi na rufe hudar haƙori, matsar muƙamuƙi kuma kan fasa jakunkunan iskar da yake numfashi da su ko ta karya ƙashi a ciki. Ga kuma ƙwayoyin cuta a bakin kare da kyanwa, musamman wadda ake kira Pasteurella, da kan shiga jini su kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu alhali ana ganin ya warware.

Ka ɗauke ta da tsumma mai tsabta, kada ka matse ƙirjinta, don da motsin ƙirji take shaƙar iska. Ka hura gashin a hankali ka duba ƙarƙashin fiffike, da baya, da cinya. In jini na zuba, danna da auduga minti biyu ko uku. Duk jinin jikin tattabara bai fi cokali biyu na cin abinci ba. A wanke ciwon da tafasasshen ruwan da ya huce, rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri. Ban da baƙin mai, ban da toka, ban da man goge baki. Sannan a sa ta a kwali mai huji, wuri mai ɗumi da duhu, nesa da hayaniya da ƙuda. Kada a ɗura mata ruwa, yakan bi ta hanyar iska; a ajiye mata a ɗan murfi. In kaza ce a ware ta, 'yan'uwanta na ganin ja za su hau tsattsaga.

A ranar, ba gobe ba, a kai ta asibitin dabbobi a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. A tambayi likitan kwana nawa za a jira kafin a ci nama ko ƙwan wadda aka ba magani.

Kazar da kare ya kashe ana ci? Ai naman da karen farauta ya kamo halal ne.

Hukuncinsu daban. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, in mai shi ne ya sake shi ya kuma ambaci sunan Allah, wannan kuwa a kan naman daji ne da hannu ba ya kaiwa gare shi. Kazar gida ana iya kama ta, don haka sai da yanka. Wadda kare ya kashe mushe ce. In an riske ta da rai aka yanka, aya ta 3 ta yi togaciya a kan wannan, sai dai malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa in an riga an huda makasa, kamar laka ta tsinke ko hanji ya zubo, yanka ba ya halatta ta a mashhurin zance. In abin ya rikice maka, tambayi malamin unguwarku.

Tsuntsun da kare ya ciza zai iya ɗaukar ciwon haukan kare?

Tsuntsaye ba sa yaɗa shi. Ciwon na masu shayarwa ne: akuya, tunkiya, kyanwa, saniya, da mutum. Wanda na fi ji wa tsoro shi ne mai ƙwatar kazar, don a nan ake samun cizo a yatsa a ce ba komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma in alamu suka bayyana babu magani. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya tafi asibiti a ranar a fara masa allura. Karen a tsare shi a sa masa ido kwana 10.

Kowane kare a yi masa rigakafi yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, a adana katin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, nan kusa da mu a Filato, tana yin wannan allurar. Karen da ya sauya hali farat ɗaya, yana cizon duk abin da ya gani, yawu na dalala, muryarsa ta canja, wannan ba farauta yake ba. A kulle shi, kada a taɓa, a kira likitan dabbobi.

In aka dandaƙe shi zai daina?

A'a. Dandaƙa kan rage yawon bin karya, ba ta taɓa son farauta. Mace ma tana kamu kamar namiji.

Karen maƙwabcina ne ke cinye mini zabi. Na yi magana ya ce dabba ce. Wani ya ce in sa shinkafar ɓera a nama.

Kada ka sa. Guba ba ta san wanda aka ajiye ta dominsa ba. Kajinka za su tsattsaga, kyanwa za ta ci, ungulu ta ci gawar, kuma yaran unguwa a ƙasan nan suke wasa. Gaba ce kuma za ka ƙulla da mutumin da gobe shi zai fara zuwa in wani abu ya same ka cikin dare.

Maganarsa ta cewa dabba ce gaskiya ce, amma dabbar tana da mai ita. Lokacin da taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana wuyan masu su. Kowa da nasa nauyin ke nan. Ka tabbatar karen nasa ne, don karnuka in sun haɗu biyu ko uku sun fi ɓarna, har wanda ba ya kamu shi kaɗai yakan bi ayari. Ka je masa da dattijo ɗaya, ka faɗi adadin abin da ka rasa ba ƙari. In bai ji ba, sai gaban mai unguwa, a rubuta yarjejeniya: shi ya kulle karensa a lokacin da aka amince, kai ka rufe zabinka da magariba. Mu masu kare kuma, in namu ne ya yi ɓarna, mu biya kafin a tambaye mu.

Karen da ke kama kaji zai iya taɓa jariri?

Yawancinsu ba sa yi, suna bambance mutum da dabba. Amma jinjiri sabon haihuwa, da siririyar muryarsa da wutsil-wutsil ɗinsa a kan tabarma, wani kare bai ɗauke shi mutum ba, kuma an sha samun mummunan labari a ƙasashe da dama. Kada a shimfiɗe jariri a tsakar gida kare na sake, ko da uwar za ta shiga madafa ne ta fito. In kin ga ya kafa wa jaririn ido irin yadda yake yi wa kaza, ya yi shiru ya sandare, a ranar za a raba su. Yara masu gudu suna ihu kuma a koya musu su tsaya cak, hannu a ƙirji, in kare ya biyo su.

Na yi duk wannan bai daina ba. Sai in rabu da shi?

In bayan wata biyu ko uku na horo har yanzu yana ƙin abinci don kallon keji, yana tona gindin raga, yana kwana a bakin akurki, to gidan ya yi musu kaɗan. Ka zaɓi ɗaya. Kada ka kai shi bayan gari ka yar, zai koma cin kajin wasu ko ya mutu da yunwa. Ka nemi wanda halin nasa zai yi wa amfani, ka faɗa masa gaskiyar abin da ya sa ka bayar, ka haɗa masa da katin allura.

Duna dai bai bar gidanmu ba. Na kewaye ƙasan ɗakin tattabaru da raga, na gina masa ɗaki a ƙarƙashin bishiyar maina, muka raba rana da dare. Ya ƙara shekara shida yana gadi, kuma ko a shekararsa ta ƙarshe, da gemunsa ya yi fari, in ɗan shila ya faɗo a bayan ragar sai ka ga bakinsa ya rufe, ƙafar gaban nan ta ɗagu.